Rakiya da Hannun Rigar Habsu

Birni, Damagaram

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai.

Zuwa ga ƴata Ramatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga mahaifiyarki, da fatan wannan takarda ta same ki kin sauka Takieta lafiya, babu abin da ya fashe cikin kaya, babu wadda ta yi amai a mota. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya sa ki shiga gidan nan a sa'a, ya haɗa ki da maƙwabta na gari. Babanki na gaishe ki. Tun shekaranjiya yake cewa mura ke damunsa, ni dai ban taɓa ganin murar da ba ta tashi sai an ambaci tafiyarki ba.

Na cusa takardar nan cikin jakar ordinatarki, kwamfutar nan da kike aiki da ita, don na san ko tukunya ba ki buɗe ba sai kin buɗe wannan jaka. Ki yi haƙuri da rubutun. A aji shida na tsaya a lakwal, wato makarantar boko, tun daga nan kuma hannuna ya fi sabawa da almakashi. Da baki na so in gaya miki, to amma kwana uku ke nan gidan cike yake da ƴan biki, duk inda na juya wata na tambayata ina aka ajiye ludayi.

Maganar zaman aure gwaggonninki sun yi miki ita har kunnenki ya yi zafi, ba zan ƙara ko kalma ɗaya ba. Ni maganar aikinki ce ta hana ni sakat. Kin gama karatu, kin yi shekara biyu kina yawo da takardu daga wannan biro zuwa wancan, ofis bayan ofis, takalmi har ya ƙare, kafin Allah ya kawo wannan aiki na fassara. Daga Yamai a turo miki takardun Faransanci ta ordinata, ki juya su Hausa, ki mayar, ba tare da kin taka ko bakin zaure ba. Na kuma san abin da shugabarku ta gaya miki a waya watan jiya, lokacin da aikinki ya makara. Ta ce wannan karon ta yafe, in aka sake za ta nemi wata. Dama ɗaya ke nan ta rage miki, ga shi za ki shiga sabon gari kina amarya, wadda kowa ke ganin yana da haƙƙin zuwa ya gani. Shi ya sa na zauna na ɗauki bik na fara rubutu.

Kada ki ce me Inna ta sani game da ordinata. Ban san komai ba, har yau tsoron taɓa ta nake kada in goge miki wani abu. Amma shekara talatin da ɗoriya ina taka keken ɗinki a rumfar gidan nan, kuma ciwon da ke jiranki na san shi ciki da bai. Mutanenmu in sun ga mutum a gida, to a wurinsu zaune yake, ba ya komai. Lokacin da babanki ke aiki a biro, in ya sa riga ya rataya jaka ya fita, ba mai tare shi a hanya ya ce ya riƙe masa jariri. Ni kuwa ko ƙafata na kan keke, sai ki ji an ce, "Zara, tunda kina gida, ga tukunyata nan a wuta, ki riƙa leƙa mini." Kuma in leƙa ɗin, don ban san yadda ake cewa a'a ba.

Bari in ba ki labarin Habsu. Kin sha jin gwaggonninki suna tsokanata da suna Mai Hannu Ɗaya, kin tambaya na ce miki wasa ne kawai. To ga asalinsa.

Lokacin ina goyon yayanki, ban fi shekara biyu da fara ɗinki ba, sunana ya ɗan fara fita. Wata safiya wani manomi daga Tirmini ya yi sallama, ya kawo turmin atamfa sabo dal, da tsohuwar rigar matarsa don in ɗauki awo. Ya ce matarsa Habsu ta sauka jiya, haihuwar fari, kuma ita da bakinta ta ce ba wanda zai ɗinka mata kayan fitar suna sai telar nan ta Birni. Kaina ya kumbura. Na ce masa, "Malam, je ka sha kuruminka, ranar jajibiri ka zo ka ɗauka." Ya yi ta godiya, ya tafi.

Kin san ana ɗaga biki, ana ɗaga tafiya, amma ba a ɗaga suna don tela ba ta gama ba. Na duba na ga ina da kwana biyar cur, aikin kuwa bai fi na yini ɗaya da rabi ba. Sai na ɗora atamfar bisa akwati na ce gobe.

Gobe ta yi, na shimfiɗa atamfa, na ɗauki alli, sai ga sallamar Ya Falmata. Kin san ta, maƙwabciyarmu ta bayan masallaci. A lokacin ba ta yi wannan tsufan ba, bakin ne dai bai canza ba. Aron rariya ta zo. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da akuya, ni ma na tambayi nata. Da ta tashi na ce bari in taka miki, tunda ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai kamar wanda aka kora. Na raka ta zaure, magana ba ta ƙare ba. Na raka ta bakin famfo, magana ba ta ƙare ba. Ban ankara ba sai ga mu a ƙofar gidanta.

Ta ce, "Haba Zara, ki zo har nan ki juya ko ruwa ba ki sha ba? Me na yi miki?"

Na shiga in sha ruwa, ruwa ya zama fura. Da na miƙe ta ce, "Tsaya in ɗauko mayafi, ai ba kya tafi ke ɗaya ba." Ta rako ni har zaurenmu. A zauren ta tuna ba ta ƙarasa mini labarin faɗan ƙanwarta da mai niƙa ba, ni kuma na ga ba daɗi ta koma ita kaɗai cikin rana, na sake taka mata. Mai shagon kan kwana ya ce sau huɗu ya ga mun wuce, har ya zaci wani abu muka yar muke nema. Da na shigo gida ana kiran azahar. Rariyar ma a nan ta manta ta.

Washegari aka yi barka a unguwar Zango, na je da niyyar yanzu zan dawo, na dawo da la'asar. Rana ta uku Ya Falmata ta dawo ɗaukar rariya, ba sai na gaya miki yadda ranar ta ƙare ba. Ta huɗu wata ta zo in tsefe mata kai. Kullum in na gifta akwatin nan sai in kalli atamfar in ce mata, ai ke aikin yini ɗaya ce, kwantar da hankalinki.

Ranar jajibiri na zauna da gaske. Na yanka, na gama zane da ɗankwali, na haɗa jikin riga, na sa hannun dama, ina shirin na hagu igiyar keke ta tsinke. Wata biyu igiyar nan tana nuna mini ta gaji, ina cewa zan canza. Mai gyara ya tafi ƙauye. Maimakon in ɗauki allura in ƙarasa da hannu, sai na ɓata sauran yinin ina yawon neman igiya da aron keke, ban samu ko ɗaya ba. Na dawo na tarar da mijin Habsu a zaure yana jirana. Na kasa kallon idonsa. Na ce ya tafi, ni da kaina zan kai da sassafe.

Da gari ya waye na ƙarasa wuyan rigar da hannu, na shiga motar kasuwa da goyo a baya, riga a cinya, allura a hannu. Mota na tsalle ina soka. Na isa an riga an raɗa suna, an yanka rago, mata sun cika gida, mai jego na zaune cikin tsohon zane tana jirana. Ta sa riga. Hannun dama ya zauna ɗas. Na hagu kuwa, ashe a mota na juya shi, bayan atamfar ne a waje, ga shi ya tsuke har hannunta ya kasa wuce gwiwa. Wata tsohuwa ta kalla, ta sake kalla, ta ce, "Yanzu haka ake yayi a birni?" Gida ya kaure da dariya. Aka kawo reza aka farke hannun, Habsu ta yini da mayafi a kafaɗa ɗaya cikin zafin bazara.

Da ta zage ni da na ji sanyi. Ba ta zage ni ba. Ta kama hannuna ta ce, "Sannu da hanya, tela, kin sha wahala saboda ni." Ta sa aka zubo mini tuwo da nama, da zan tafi aka ƙulla mini goro. Wallahi Ramatu ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ba ta sake kawo mini ɗinki ba, matan Tirmini ma sun yi shekaru suna wuce ƙofata da atamfarsu.

To ki ji. Ranar da aka turo miki aiki, ranar za ki fara shi, ko layi biyar ne. In sun ce Alhamis, ki rubuta Laraba a bango, ki manta an taɓa ambaton Alhamis. Igiyar keke ba ta tsinkewa sai ranar jajibiri, kuma na lura kuran, wato wutar lantarki, da rezo na waya ma halinsu ke nan, suna nan lafiya lau sai ranar da kike da buƙatarsu. Kin tashi a garin da in famfo ya kawo ruwa ake ajiye komai a cika randa, ba a cewa anjima. Haka za ki yi da caji, in akwai kuran ki cika ordinata da salula, in rezo ya yi kyau ki tura abin da kika gama kada ki tara. Rakiya kuwa, ƴata, iyakarta zaure. Ki tsaya a nan ki yi ta sa albarka da ɗaga hannu har baƙuwa ta sha kwana, amma ƙafarki kada ta taka waje.

Bayan abin Tirmini na ce na yi wayo. Wayon da na fara yi kuwa ƙarya ce. Wata Lahadi babanki na zaune a zaure yana shan iska, na roƙe shi duk wadda ta zo ya ce na fita. Ya yi ta nuƙu-nuƙu, daga baya dai ya yarda. Ba a jima ba ga Ya Falmata. Ina jinsa ya ce, "Ai kuwa ta ɗan fita." Ni kuma sakarya ƙafata na kan keke, kin san tsohon keken nan, daga masallaci ana jin ƙararsa. Ta kasa kunne, sannan ta ce, "To Malam, in ta dawo a gaishe ta. A kuma gaishe mini da aljanin da ke taka mata keke, Allah ya ba shi lada." Babanki ya shigo fuska a murtuke, ya ce daga yau in ina son a yi mini ƙarya in nemi wani. Ita kuwa ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwata sai da ka.

Ni na je ban haƙuri. Na zauna a ɗakinta na gaya mata gaskiya tiryan-tiryan, har da hannun rigar Habsu. Ta yi dariya har da hawaye, ta goge ido ta ce, "Ke ma dai Zara, me ya kawo ƙarya a nan? Ki ce mini daga hantsi zuwa azahar kina biro, shi ke nan. Da la'asar ki shimfiɗa tabarma mu zo mu ci naman mutane." Ban san abin da na samu ba sai daga baya. Matar nan ta zama mai gadina. Duk wadda ta hango ta nufo gidanmu da hantsi sai ta tare ta, "Ina zuwa? Zara na biro. Zo nan ki zauna." Ita ta samu abokan hira, ni na samu lokaci. Daga nan ne rumfar nan ta samo sunan biron Zara, da kika tashi kika ji ana faɗa.

Don haka kada ki ɓuya, kada ki sa a ce ba kya nan. Kwana bakwai suka ba ki na hutun biki, a cikinsu matan unguwa za su yi ta zuwa ganin ɗaki. Ki tarbe su da fuska a sake, ki ba su ruwa da cincin, ki bar su su taɓa labule su ƙirga kwanuka yadda ransu ke so. Amma duk wadda za ta tafi ki gaya mata da murmushi, daga Litinin kina biro har la'asar, bayan nan ƙofarki a buɗe take. A cikinsu ki buɗe ido ki nemo Falmatar unguwar, don ba unguwar da ba ta da ita. Ba wuyar ganewa, ita ce za ta shigo tana magana tun daga zaure, ita za ta gaya miki inda ya kamata ki ajiye gadonki. Ki ba ta turare mai kyau, ki zaunar da ita ki buɗe mata ordinata ta ga rubutun da idonta, ki ce takardun nan na lafiyar mata da yara ne ake jira. In ta ɗauki maganar ta zama tata, kin huta. Maigidanki kuma, tunda shi zai fita lakwal ya koyar ya bar ki, ki yi magana da shi tun yanzu cikin daɗin rai, kada ya riƙa turo miki baƙi da hantsi a dafa musu shayi. Yaron kirki ne, zai ji, amma sai an gaya masa.

Kada in ɗora wa maƙwabta laifin duka. Akwai wadda ta fi Ya Falmata ɓata mini lokaci, ita ce ni kaina. Duk ranar da aka kawo mini shadda mai tsada, irin wadda in almakashi ya karkace sau ɗaya an gama, ranar gidan nan ke yin tsabtar da bai taɓa yi ba. In share tsakar gida, in wanke randa, in tsince waken da ba a kusa dafawa ba, in kwance jeren kwalla in goge in sake jerawa. Babanki ya gane ni. In ya dawo ya tarar ana ganin fuska a jikin kwanuka sai ya ce, "Wace ce ta kawo shadda yau?" Tsoro ne ke sa ni, ba ƙwazo ba. Mugun abin shi ne da yamma in gaji liƙis, ina jin na yi aiki, alhali shadda na nan a ninke yadda aka kawo ta. Na lura ke ma kin ɗauko wannan jini. Ranar da aka turo miki doguwar takardar nan mai kalmomin likita, sau biyu kika gyara gadonki, har akwatina kika ce za ki shirya mini. Maganin da na samu shi ne, abin da nake tsoro shi zan fara, da na gama karin kumallo, tun zuciya ba ta fara kawo mini shawara ba. In na yi bismillah na sa almakashi, rabin tsoron ya tafi.

Ki kuma yi wanka ki shirya kafin ki zauna. Na yi shekaru ina ɗinki da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, jikina na ganin har yanzu safiya ce ko da rana ta take. Da na fara yin wanka in sa riga, in ɗaura kallabi, in zizara kwalli, sannan in yi taku goman nan daga ɗaki zuwa rumfa, sai jikin ya yarda an fita aiki. Baƙuwa ma in ta tarar da ke a shirye ta fi saurin yarda da maganarki. Ki ware wa ordinatar nan kusurwa da tebur da kujera, kada ki hau gado da ita. Na sha leƙowa in tarar ke da ita duk kun yi barci.

Salula kuwa, a zamaninmu baƙo sai ya yi sallama, waɗannan na cikinta ba sa yi. Kada ki ga kamar daga sama nake magana. Makon jiya na ƙona wa wata mata bakin zane da dutsen guga, ina sauraren muryar gwaggonki tana bayanin ankon bikinki minti goma sha. Sai da na yi mata ado da leshi a wurin, na ce sabon salo ne. Ki bar salular a wani ɗaki inda za ki ji in an kira, saƙonnin dangi ba sa tsami kafin la'asar.

Akwai kuskuren da ke can ɗaya gefen, shi ma na faɗa cikinsa. Da na ga tsarin biro ya karɓe ni sai na zarce. Azahar ta zama la'asar, la'asar ta zama magariba, tabarmar hira ta daina fita. Ɗinki na ta shigowa, ni kuma ina ta karɓa. Wannan bayan da kike shafa mini man zafi, a shekarun na jawo shi. Wata rana na ɗaga kai na ce, ni kam kwana biyu ban ji muryar Ya Falmata ba. Ashe kwananta huɗu a kwance da zazzaɓi. Gida uku ne tsakaninmu, ita ke tsare mini ƙofa, ni ban sani ba. Na dama kunu na je, ta ɗago kai da ƙyar ta ce, "A'a, yau an ba ma'aikata hutu?" Da wasa ta faɗa, amma maganar ta shige ni. Tun daga ranar in lokacin tashi ya yi sai in ɗauko tsohon zane in rufe keke, kuma in na rufe na rufe. Mai zuwa biro hanya ce ke raba shi da aiki, ke ba ki da hanyar, sai kin yi wa kanki. Ki rufe ordinata ki sa ta a jaka, ki miƙe bayanki, ki fito ki ci abinci da mutane. Rashin lafiya da rasuwa kuwa ba sa cikin tsari, in sun zo a tashi. Sai dai ki aika wa shugabarku tun kafin ki sa takalmi, ba bayan kin dawo ba.

Yanzu saura wadda na yi ta kewayewa tun farkon takarda.

Ranar da aikinki ya makara, kin san dalili, ni ma na sani, amma ba wadda ta furta. Da safe kin ce mini, "Inna, yau kafin la'asar zan tura aikin nan, shi suke jira." Na ce to. Da hantsi sai zuciya ta raya mini ranar ce za a kai wa gwaggona ta garin Dogo goron bikinki, kuma dole amarya ta je ta durƙusa da kanta, kada a ce ƴar Zara ta yi boko ta raina dangi. Gaskiyar magana so nake a gan ki tare da ni, in ji ana cewa ga ƴar nan mai aiki da Yamai. Kin ce, "Inna, ko mu bari sai Asabar?" Na ce aikin da ake yi a zaune, in mun dawo kya ƙarasa, kafin azahar muna gida. Kin kalli ordinata, kin kalle ni, kin ɗauki mayafi. Mota ta yi ta jiran cika, a can aka ce sai mun ci abinci, aka zaga da ke gida-gida, muka shigo Damagaram ana kiran magariba.

Washegari ina rumfa aka kira ki. Faransancina ba shi da yawa, amma ya ishe ni in gane abin da kika ce. Kin ce laifinki ne, ba ki tsara lokacinki ba, ba za a sake ba. Ba ki ambace ni ba. Da kika fito idonki ya yi ja, kika ce hayaƙin murhu ne, kika zauna kika sa mini zare a allura kamar ba abin da ya faru. Ni kuma na yi shiru, girman uwa ya hana ni buɗe baki. Wata guda ke nan abin na cina. Damar nan da kika rasa, ni na ci ta, ba ke ba. Ki yafe mini, Ramatu.

Na san halina. Jibi da safe zan tashi in ga ɗakinki a rufe, hannuna zai fara neman salula. Zan so in ji ko kin karya, ko ruwan garin ya karɓe ki, zan ƙirƙiro tambaya a kan inda kika ajiye mini madubin ido. Don haka na yi magana da babanki, daga karin kumallo har la'asar salulata na cikin aljihunsa. Ya ce wannan aikin ko lada ba ya so. In kuma na yi masa wayo na ɗauke, kika ga sunana ya fito kina tsakiyar aiki, kada ki ɗauka. Na yafe miki tun yanzu, duniya da lahira. In wani abu ne ya faru da gaske, muryar babanki za ki ji. Tawa kewa ce kawai, zan yi kewarki ƙwarai, amma zan koya mata jira. Ɗayar damar da ta rage taki ce, ba zan taɓa miki ita ba.

Allah ya tsare ki da tsarewarsa, ya tsare gidanki da aikinki, ya sa albarka a idonki da yatsunki. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da maigidanki, ya kare ku daga sharrin hanya da na mutum, ya sa duk inda kika taka ki tarar da masu ƙaunarki. Ki gaishe shi da kyau. In kin tura aikinki na farko daga Takieta, kin rufe jaka, kin yi sallar la'asar, ki kira ni. Ina nan kusa da aljihun babanki.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Zara